Inabin da Ke Cikin Kwazazzabo

A garin Serracupa, in dai maganar giyar inabi ake, ba a ja da harshen Nunzia Telesca. Shekara goma sha tara ke nan tana zama a kwamitin ɗanɗano, mutum biyar da ke taruwa a benen ofishin manoma suna yanke wa giyar kowa hukunci. Dokar garin gajeriya ce. Giyar da za ta ɗauki sunan Serracupa sai ta fito daga inabin aglianico tsantsa, wanda aka noma a kan tudun nan, ta kuma yi shekara uku tana nuna. Daga nan sai kwamiti ya ɗanɗana. In ya yarda, a ba ka siririyar takardar gwamnati ka liƙa a wuyan kwalba. In bai yarda ba, giyarka ta zama marar suna, sai dai ka ɗura ta a jarka ka kai wa masu gidan abinci. Mu nan gara a ce wa mutum ɗansa ya faɗi jarrabawa da a ce masa giyarsa ba ta sami takardar wuya ba.

Harshen kuwa gadonsa ta yi. Ubanta Canio shi ne ya bi gida gida a zamanin da ake rubuta dokar, yana sa mutane su dangwala hannu. Shi ne ya taɓa shiga gonar Rocco ɗan ƙanensa da fartanya ya tuge masa dashen inabin Faransa guda arba'in, ya kuma tsaya jiran 'yan sanda yana shan taba. Baƙon inabi a bakinsa sunansa ɗan cirani. Tun Nunzia tana da shekara bakwai ya tsoma yatsa a ganga ya ɗiga mata a harshe, ya ce, "Wannan shi ne. Riƙe shi. Duk abin da bai yi kama da wannan ba, ba namu ba ne." Ta kuwa riƙe.

Ranar wata Alhamis a watan Oktoba kwamiti ya zauna da hantsi kamar kullum. Ba a ganin kwalba, ba a jin sunan kowa, kofunan gilashi ne kawai da lamba a gindinsu, ga burodi ga ruwa ga bokitin tofarwa. An wuce sha uku lafiya. Da aka zo na sha huɗu, Nunzia ta sunsuna, ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar. Sai ta ture kofin da bayan hannu.

"Wannan ba ɗan gida ba ne," in ji ta.

Dakta Sabia, shugaban kwamitin, ya ɗago ta saman tabarau. "Me kika ji, Nunzia?"

"Abin da ban ji ba za ka tambaye ni. Bauri ne tun daga farko har ƙarshe, kamar mutum ya tauna ɓawon rumman. Aglianico na gaske, in ya gama murɗe maka harshe, akwai wani taushi da yake sakar maka a ƙarshe. Ina yake a nan? Mai wannan ko ya yi gaggawar tsinka, ko ya cusa masa wani baƙo. Ko ma wane ne, bai ji kunya ba."

Sauran suka sake kurɓa. Uku daga cikinsu ita ta koya musu aikin, saboda haka ba a daɗe ba kowa ya gano cewa lallai taushin babu shi. Sabia ya ɗan yi jim, sannan shi ma ya rubuta. Aka kayar da sha huɗu, aka wuce sha biyar.

Tana cikin cin abincin rana Sabia ya bugo mata waya ya ce ta dawo ofis, maganar ba ta waya ba ce. Ta same shi a tsaye, magatakardan da aka kawo daga birni wata biyu da suka wuce yana gefe ya sunkuyar da kai.

"Laifinmu ne," in ji Sabia. "Ka'ida ita ce in giyar ɗan'uwanki tana kan tebur, ke kina waje. Bawan Allahn nan sunan gona ya gani, bai san ta wace ce ba." Ya cire tabarau ya goge. "Sha huɗu ta babanki ce."

Nunzia ta yi dariya. Ba don abin ya ba ta dariya ba, don dai kunnenta ya ji amma kanta ya ƙi karɓa. Ta ce a duba takardar. Aka duba, aka miƙo mata ta duba da kanta. Ga sa hannun Canio nan, da ƙatuwar T ɗinsa mai kama da gatari. Sai ta jawo kujera ta zauna.

"Hukuncin yau ya rushe," in ji Sabia a hankali. "Nan da mako uku za a sake ɗebo wani daga gangar, a ɗanɗana ba tare da ke ba. Kada ki tayar da hankalinki."

Hankali kuwa ya riga ya tashi. Tana tuƙi zuwa gona tana ta jujjuya abin. Giyar ubanta ta san ta kamar yadda ta san muryarsa, a cikin dubu za ta tsamo ta. To yaya aka yi yau ta kurɓa ba ta gane ta ba, har ta zage ta a gaban mutane? Ko an musanya kwalba? Ko tsufa ya fara taɓa tsohon, ya bar wani ya yi masa wasa da ganga?

Ba ta sami Canio a gida ba. Gwaggo Filomena, yayarsa da ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, tana ƙofar kicin tana shirya jan tattasai a zare don shanya.

"Wa ya mutu?" ta tambaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Fuskarki ta zo da ta'aziyya."

Nunzia ta faɗa mata. Tsohuwar ta ci gaba da soka allura.

"Ta shekarar ƙanƙara ce ko?"

"Ita ce."

"Ai dole. Na faɗa masa tun lokacin, miya ba gishiri ba ta fita gaban baƙi. Ya ce in rufe masa baki."

"Wane gishiri, Gwaggo?"

A nan ne allurar ta tsaya. Filomena ta ɗago ta dubi 'yar ƙanen nata. "Ke kina nufin ba ki sani ba? Duk shekarun nan? Ni na ɗauka kin sani kina yi mana kara ne." Ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Ni dai ban ce komai ba. Yana kwazazzabo. Je ki tambaye shi da kanki, kada ki ce ni na aiko ki."

Kwazazzabon yana can ƙarshen gona, bayan itatuwan zaitun. Nunzia tana da shekara hamsin da ɗaya, a gonar nan aka haife ta, amma ƙafarta ba ta taɓa sauka cikinsa ba. Tun suna yara aka ce musu macizai ne a ciki, har Canio ya taɓa kawo musu ɗaya matacce a bakin sanda don su gani. Da ta girma kuma ba abin da zai kai ta. Yau ta bi wata siririyar hanya da ba ta san da ita ba, mai matakala da aka sassaƙa a dutse, ta sha tafiya har ta yi santsi.

A ƙasa akwai layi uku na inabi, a gyare tsaf kamar lambun coci. A saman tudu aglianico yana nan rataye, don shi sai an shiga Nuwamba ake tsinkarsa. Waɗannan kuwa an riga an tsinke su tas, har ganyen ya fara sauya launi. Ta kama ganye ɗaya ta juya shi. Ba ta buƙatar a faɗa mata, a makaranta ta zana shi ya fi a ƙirga. Merlot ne, inabin Faransa, ɗan ciranin da kansa. Kaurin gindin kuma ya kai na cinyarta, wato ba jiya aka dasa shi ba.

Ta tsaya riƙe da ganyen.

"Filomena ce ko?" in ji wata murya. Canio yana zaune a kan kwandon da ya kife, almakashin datse reshe a hannu. "Matar nan bakinta kamar rariya."

"Baba, mene ne wannan?"

"Ke ce mai takardar makaranta. Ni za ki tambaya?"

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu kafin a haife ki." Ya faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Da na dawo daga aikin gona a Faransa na taho da reshe goma sha biyu a cikin rigata. Giyar kakanki ba ta shiga baki, Nunzia. Ko jaki ka ba shi sai ya yi maka kallon banza. Na gwada zuba mata guga ɗaya na wannan a cikin kowane ashirin, sai ta kwanta. Shi ke nan. Guga ɗaya."

"Kowace shekara?"

"Ban da shekarar ƙanƙara. Ta sauka nan cikin Agusta, ko ƙwaya ba ta bar min ba."

"Ɗakin gwaji fa?"

Ya taɓe baki. "Su ƙarfi suke aunawa da tsami. Ba sa tambayar inabi sunan ubansa."

Nunzia ta zauna a ƙasa, cikin ƙura, da kayan ofis ɗinta. Abin ya riƙa shigarta kaɗan kaɗan, kowane ɓangare ya fi na baya nauyi. Wato taushin nan da take nema a kowane kofi, wanda ta koya wa mutum uku su nema, wanda ta rantse shi ne alamar aglianico na gaske, daga ramin nan yake fitowa. Wato sha huɗu ita ce giya ɗaya tak ta gaskiya da ubanta ya taɓa yi a rayuwarta, ita kuma ta kira ta baƙuwa.

"Kai ka tuge wa Rocco dashensa," ta ce. "Kai ka bi gida gida. Ina gefenka, ina riƙe maka takardun."

"In kowa ya dasa, me zai rage? Yau guga ɗaya, gobe rabin ganga, jibi Serracupa ta zama ruwan alewa. Ni na san iyakata. Su ba su sani ba."

Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma abin haushin, da zuciya ɗaya yake maganar. Ko alamar kunya babu a fuskarsa.

"To ni fa? Me ya sa ka ɗiga min a harshe ka ce wannan shi ne?"

Nan kam ya kau da kai. "Yarinya ce ke. Abin da ke gangar na ba ki. Na san za ki girma ki zama alƙaliya?"

"Da na zama fa? Shekara goma sha tara, Baba. Kana kallo."

Ya shiga juya almakashin a hannu. Ita kuma sai sunaye suka fara zuwar mata. Kwamiti ba ya ganin suna a tebur, amma gari ƙarami ne, kafin Lahadi kowa ya san wanda aka kayar. Gerardo Larotonda, maƙwabcinsu na gabas, shekara huɗu a jere tana kayar masa da giya saboda bauri. Mutumin ya taɓa tare ta a ƙofar coci yana hawaye, yana rantsuwa da kabarin uwarsa cewa ko ƙwayar baƙo babu a gonarsa. Ta ce masa harshe ba ya ƙarya. Yanzu ya rufe kogon da kakansa ya haƙa don ajiye ganguna, yana kwasar inabinsa a tarakta yana kai wa kamfani.

"Gerardo gaskiya yake faɗa," ta ce.

"Gerardo bai iya giya ba."

"Ya iya bin doka. Dokar da kai ka sa shi ya dangwala wa hannu."

Canio ya miƙe da kyar, yana dafa gwiwa. Ya karkaɗe wando. "To an ji. Abin da ya wuce ya wuce. Yanzu ki saurare ni. Mako uku aka ce ko? Yaran da za su zauna ɗalibanki ne, abin da kika koya musu shi za su nema. Ina da merlot na bana a bayan kogo. Ke kin fi ni hanci yanzu, ki zo ki auna min daidai, mu zuba kafin su zo ɗiba. Ba wanda zai sani."

Ta ɗago ta dube shi. Da farko ta yi zaton ba'a yake yi, don Canio ya iya ba'a da fuska a murtuke. Sai ta ga da gaske yake. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, tsohon bai yi kuskure ba. In ba a gurɓata giyar ba, kwamitin da ita ta rena zai iya cewa ba ta gaske ba ce.

"Ba zan auna ba."

"To ki kau da kai, ni in auna."

"In ka zuba, zan faɗa."

"Wa za ki faɗa wa? Sabia? Ki ce masa me, ubana ɓarawo ne?" Ya matso. "Shekarata saba'in da tara, Nunzia. Ganguna biyu na bara da na bara waccan suna kwance da gishirinsu a ciki. Ki buɗe baki, sun tafi jarka. Sunana ya tafi. Naki ma ya bi shi, kada ki manta, don ba za a sake ba ki ko ruwan famfo ki ɗanɗana ba."

"Na sani."

"To?"

Ta miƙe ta karkaɗe ƙura. Ta hau matakalar ta bar shi.

Kwana huɗu ta yi ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Ta nemi hanyar da za ta wanke Gerardo ba tare da ta tona ubanta ba, ta rasa. In ta ce harshenta ya karkace, za a tambaye ta me ya karkatar da shi. In ta ajiye aiki ta yi shiru, mutum uku za su ci gaba da neman taushin merlot a cikin aglianico, su ma su koya wa na bayansu. Tana son ubanta, wannan ba ta taɓa shakkarsa ba, kuma tana jin haushinsa irin wanda ba ta taɓa ji ga wani mahaluki ba. Ranar Talata ta hau benen ofishin manoma, ta rufe ƙofa, ta faɗa wa Sabia komai.

Sabia bai katse ta ba. Da ta gama, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Canio," ya ce. Can kuma ya sake cewa, "Canio Telesca." Sai ya rufe fuska da tafin hannu. "Kin san in na ji, dole in rubuta."

"Shi ya sa na zo wurinka."

"Ni ma sau nawa bakina yana ce min giya lafiyarta lau, in ga kin ture kofi, in bi ki." Ya girgiza kai. "Ashe dukanmu ɗalibansa ne."

Masu bincike suka zo ranar Juma'a da hantsi, mutum biyu da mota ɗaya. Suka sauka kwazazzabo, suka hau, suka ɗaure gangunan bara da bara waccan da jan zare. Gangar shekarar ƙanƙara suka same ta yadda take, Canio bai zuba mata komai ba. Ko tsoron barazanar 'yarsa ne, ko girman kai, ko dai hannunsa ne ya kasa, ba wanda ya sani, shi kuma ba mai faɗa ba ne.

Garin ya ɗauka kafin motar ta fita. A shagon kofi mutane suka yi cirko-cirko, wasu suka ce ƙarya ne, sai sun gani da idonsu, aka kuwa yi ta jerin gwano zuwa bakin kwazazzabo kamar ranar idin waliyyi. Rocco, wanda aka tuge wa dashe, ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Gerardo bai je ba. Da Nunzia ta same shi a gona don ta ba shi haƙuri, ya saurare ta har ƙarshe bai kashe tarakta ba, sannan ya ce, "Na sayar da gangunan tun bara," ya ja ya tafi. Rabin gari suka ce ta yi daidai. Rabin suka ce 'yar da za ta kai ubanta ƙara a kan guga ɗaya, Allah ya raba mu da haihuwarta. Canio kuwa ya daina fitowa dandali, in ta bugo waya sai Gwaggo Filomena ta ɗauka ta ce yana barci, da ƙarfe goma na safe.

Kwamiti ya zauna a ranar da aka sa, da baƙo daga wani gari a kujerar Nunzia. Giyar shekarar ƙanƙara ta wuce, uku da biyu. Biyun da suka ƙi, ɗalibanta ne.

Ana saura mako ɗaya Kirsimeti Gwaggo Filomena ta zo gidanta da kwalba ɗaya a cikin jakar cefane, da takardar gwamnati a wuya, sabuwa fil.

"Shi ya aiko?"

"Ya ajiye ta a kan tebur ya fita. Ni dai na ga ba ni ke shan giya a gidan ba." Tsohuwar ta gyara mayafi. "Ba saƙo. Kada ki tambaye ni."

Bayan ta tafi Nunzia ta buɗe kwalbar a kicin, rana tana shigowa ta taga. Ta zuba, ta bar ta ta sha iska yadda ya kamata. Ta san abin da ke cikin kofin, ta san shi fiye da duk wata giya da ta taɓa kaiwa baki: aglianico ne tsantsa, daga tudun Serracupa, ba ko ɗigon baƙo. Ta faɗa wa kanta haka sau biyu, sannan ta kurɓa. Baurin ya murɗe mata harshe, ta jira, ta ƙara jira. Ba ta tofar ba, ta haɗiye. Ta sake kurɓa, hawaye suna zubo mata, don har yanzu bakinta ce mata yake yi wannan ba giyar gidansu ba ce.